Yadda Ake Zaɓen Na'urar GPS ta Hannu da Za Ta Ɗauki Taswirar Tudu da Kwari

Duk wanda ya yi niyyar sayen na'urar GPS ta hannu, tambayarsa kusan ɗaya ce: gigabait nawa zai ishe ni? Masu yawon duwatsu suna yin ta, masu aikin daji suna yin ta, ɗaliban safiyo ma haka. Gaskiyar magana, ba wanda zai ba ka amsa ta haƙiƙa sai ya san wace taswira za ka zuba a ciki. Taswirar ita ke gaba, na'ura ta biyo baya. Wanda ya juya wannan tsari yakan ƙare da ɗaya cikin biyu, ko ya sayi ƙatuwar na'ura mai tsada da ba zai cika rabinta ba, ko kuwa ya sayi wadda ba ta karɓar taswira kwata-kwata. Ga matakan bi da bi.

1. Shata yankin da za ka shiga

Ɗauki takarda ka rubuta wuraren da kake sa ran zuwa cikin shekara ɗaya ko biyu. Daji ɗaya ne kake komawa kullum, ko ƙasa guda, ko kuwa tafiya ce mai tsallaka iyakoki? Sannan ka rubuta irin kusancin da kake buƙata. Ma'aunin 1:100,000 ya isa ga mai mota ko babur da ke bin manyan hanyoyi. Mai tafiya a ƙasa yana buƙatar 1:50,000, inda santimita ɗaya ke tsaye a madadin mita 500. Mai hawan dutse ko mai neman ƙaramar ƙorama a cikin kwazazzabo ya fi son 1:25,000, ko 1:24,000 da ake amfani da shi a Amurka.

2. Gane irin taswirar da kake so

Nan ne yawancin lissafin memori yake, don haka a bi shi a hankali.

Taswirar da na'ura ke karantawa iri biyu ce. Ta farko ita ce bekta. Ita ba hoto ba ce, jerin lambobi ne da ke gaya wa na'ura inda hanya ta bi, inda kogi ya karkata, inda layin tsayi ya zagaye tsauni, sai na'urar ta zana su da kanta a allo. Ba ta cin wuri sosai, rubutunta yana miƙewa duk yadda ka juya ta, ana iya neman suna a cikinta, wani lokaci ma ta lissafa maka hanya. Taswirar TopoActive da Garmin, kamfanin ƙera na'urorin GPS, ke zubawa a na'urorinsa irin wannan ce, kuma an gina ta ne a kan bayanan OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da ke intanet. Taswirorin kyauta irin na OpenTopoMap da Freizeitkarte ma duk bekta ne. Ta ƙasa guda matsakaiciya takan tashi daga ɗaruruwan megabait zuwa gigabait ɗaya ko biyu, gwargwadon yawan abin da aka zana a yankin.

Ta biyu ita ce rasta, wato hoton taswirar takarda ko hoton ƙasa daga tauraron ɗan'adam. Tana da kyawun gani, wanda ya saba da takarda zai ji daɗinta, amma ita ce ke cinye memori. Lissafinta mai sauƙi ne. In ka sauko daga 1:50,000 zuwa 1:25,000 a yanki ɗaya, tsawo ya ninka biyu, faɗi ya ninka biyu, hoton ya ninka huɗu ke nan. Hoton tauraron ɗan'adam ya fi wannan ci nesa ba kusa ba.

Akwai abubuwa biyu da ke ƙara wa taswira nauyi, waɗanda mutane ke mantawa. Na farko layukan tsayi, waɗannan siraran layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Taswirar da ke zana layi a kowace mita 10 ta fi mai zana shi a kowace mita 20 nauyi, ballantana a ƙasa mai duwatsu inda layukan ke cunkushewa. Na biyu bayanan tsayi da ke sa inuwa a gefen tsauni har ka ga ya taso a allo. Wasu masu rarraba taswira suna raba waɗannan zuwa fayil daban.

Hattara: taswirar da aka rubuta mata «topo», wato ta tudu da kwari, ba lallai ne tana ɗauke da layukan tsayi a fayil ɗin farko ba. Duba shafin saukewa da kyau, in akwai fayil na biyu na layuka, haɗa girmansa a lissafinka.

3. Auna taswirar kafin ka sayi komai

Wannan mataki kyauta ne, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Shiga shafin da ke ba da taswirar yankinka, ka duba girman fayil ɗin. In ta kyauta ce, sauke ta, ka kwance ta daga matsin da aka yi mata, domin girmanta bayan kwancewa shi ne abin lissafi. Girka BaseCamp a kwamfuta, manhaja ce ta Garmin da ba a biyan komai, da ita za ka duba taswira a babban allo ka ga ko hanyoyin ƙafa da rafuffukan da ka sani sun fito. Taswirar OpenStreetMap aikin 'yan sa-kai ce, wani yanki an zana shi har ƙananan hanyoyi, wani kuma kusan fili ne fari. Gara ka gano haka yanzu.

Yanzu sai tarawa. A ce, a matsayin misali, taswirar yankinka gigabait 1.5 ce, layukan tsayi rabin gigabait, kana kuma son hoton tauraron ɗan'adam na wani ɗan yanki mai gigabait 2. Jimla 4. Ni shawarata ka ninka abin da ka samu sau biyu, saboda taswira tana ƙara ƙiba duk lokacin da aka sabunta ta, kai ma kuma yankin tafiyarka zai faɗaɗa. Gigabait 8 na fili ke nan kake nema, fili wanda ba kowa a cikinsa.

Kada ka damu da sawun tafiya da alamomin wurare a wannan lissafi. Fayil ɗin GPX, wanda ake ajiye sawu da alamomi a cikinsa, na tafiyar yini guda bai wuce 'yan megabait ba, sau da yawa ma bai kai ɗaya ba.

4. Karanta takardar bayanan na'ura da idon basira

Je shafin kamfanin da ya ƙera ta, ba shafin mai talla ba, ka nemi amsar tambayoyi uku.

Ta farko, shin ana iya ƙara mata taswira? Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane. eTrex 10 da eTrex SE na Garmin na'urori ne nagari wajen nuna inda kake da bin sawu, batirinsu yana daɗewa, amma ba su da ramin kati, ma'ajiyarsu 'yan megabait ce, ba a yi su don ɗaukar taswirar tudu da kwari ba. Sunansu ya yi kama da na 'yan uwansu masu taswira, shi ya sa ake ruɗewa.

Ta biyu, nawa ne ma'ajiyar ciki? eTrex 22x da 32x suna da gigabait 8. GPSMAP 65 da GPSMAP 67 suna da 16. Sai dai lambar da ke jikin kwali ba ita ce filin da za ka samu ba. Kamfanoni suna ƙirga gigabait a matsayin bait biliyan ɗaya cif, kwamfuta kuma tana ƙirgawa da 1,024, shi ya sa 8 ke fitowa kusan 7.4 a Windows. Daga nan manhajar na'urar ta ɗauki nata, taswirar da aka zuba tun daga kamfani ita ma ta kwashi kaso mai tsoka. Abin da ya rage shi ne naka. In kana da hali, nemi a haɗa maka na'urar da kwamfuta ka ga filin da idonka.

Ta uku, akwai ramin katin microSD, kuma har girman nawa take karɓa? A ganina wannan ya fi girman ma'ajiyar ciki muhimmanci. Na'ura mai gigabait 8 da rami ta fi mai 16 marar rami, domin ita ana iya faɗaɗa ta gobe, ana kuma iya ajiye kati daban ga kowane yanki. Yawancin na'urorin hannu na Garmin iyakarsu a hukumance kati mai gigabait 32.

Hattara: taswirar da ke zuwa a cikin na'ura ta yankin da aka yi ta dominsa ce. Wadda aka shirya wa kasuwar Amurka taswirar can take ɗauke da ita, ta Turai ta Turai. In ka saya daga wata nahiya, ka tabbata ka san wace taswira ce a ciki.

5. Iyakokin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe

Mutum zai iya samun fili jingim amma taswira ta ƙi fitowa. Dalili shi ne akwai wasu iyakoki da ba ruwansu da gigabait.

Waɗannan na'urori suna karanta kati mai tsarin ajiye fayil da ake kira FAT32, shi kuwa FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Taswira mai gigabait 5 a fayil ɗaya ba za ta kwafu ba, ko da katin fanko ne. Maganinta a raba ta gida biyu, ko a zaɓi ƙaramin yanki.

Sannan kowace taswirar bekta guntaye ce aka jera, kowane guntu yana rufe wani ɗan yanki. Na'ura tana da adadin guntayen da za ta iya riƙewa a lokaci guda. Tsofaffi irin GPSMAP 60CSx suna tsayawa a 2,025. eTrex 32x tana kaiwa 3,000, jerin GPSMAP 66 da 67 kuwa 15,000. Abin takaici, in ka haura iyaka na'urar ba lallai ta yi maka gargaɗi ba. Sai dai kana cikin tafiya ka ga layukan sun yanke a miƙe kamar an sa reza, gefe guda taswira cike, ɗaya gefen fili. Duk taswirorin da ke cikin na'ura da kati ana haɗa guntayensu a ƙirga, don haka tara taswirori barkatai don kawai akwai wuri ba dabara ba ce. Yana kuma sa na'ura ta daɗe kafin ta gama tashi.

Mai son zuba hoton taswirar takarda da kansa, a fayil ɗin KMZ, shi ma yana da nasa shingen. Kowane guntun hoto kada ya wuce 1024 sau 1024 na ɗigon hoto, kuma adadin guntayen 100 ne a wasu na'urori, 500 a wasu. In aikinka ya dogara kacokan kan taswirar rasta, duba wannan lamba tun farko, ka kuma leƙa na'urorin TwoNav na ƙasar Sifen, waɗanda suka yi suna wajen karanta irin wannan taswira.

Ƙididdigar alamomi da sawu ita ma tana da iyaka tata. eTrex 22x tana ajiye alamar wuri 2,000 da ɗigon sawu 10,000, GPSMAP 67 kuma alama 10,000 da ɗigo 20,000. Ƙara kati ba ya ɗaga waɗannan lambobi. Mai yawon shaƙatawa ba zai taɓa cika su ba, amma mai ɗaukar bayanan rijiyoyi ko bishiyoyi ko iyakokin gonaki ya kula.

6. Allo, batir da sauran abin dubawa

Taswirar da ido ba ya iya karantawa ba ta da amfani komai yawanta. Allon eTrex inci 2.2 ne, na GPSMAP 65 inci 2.6, na 67 inci 3, na Montana 700 inci 5. A wuri mai gangara layukan tsayi suna matsuwa, kuma a ƙaramin allo sai ka yi ta matso da taswira kana mayarwa kafin ka gane fasalin ƙasar. In idonka ya fara gajiya da ƙananan rubutu, kada ka yi ƙasa da inci 2.6. Ka kuma duba allon a cikin rana tsaka da fitilarsa a kashe. Maɓallai sun fi allon shafawa aminci cikin ruwan sama ko da safar hannu.

Batir iri biyu ne. Masu amfani da AA guda biyu, kamar eTrex 32x mai kai wa awa 25 da GPSMAP 65 mai awa 16, ana canza musu batir a ko'ina cikin minti ɗaya. Masu batirin ciki, kamar GPSMAP 67 da kamfanin ya ce tana kai awa 180, suna daɗewa sosai amma sai da abin caji. Nemi alamar IPX7, ma'anarta na'urar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Kamfas na lantarki da ma'aunin tsayi mai aiki da matsin iska, irin waɗanda 32x ke da su 22x ba ta da su, suna da daraja ga mai hawa da sauka. Karɓar saƙon taurarin GLONASS na Rasha ko Galileo na Turai bayan na GPS yana taimakawa a cikin kwazazzabo da ƙarƙashin manyan itatuwa.

7. Lissafa kuɗin gaba ɗaya

Kuɗin na'ura somin-taɓi ne. Sa katin memori a lissafi, da batura masu caji da cajarsu, da jakar kariya. Saƙon tauraron GPS kyauta ne, ba ya buƙatar layin waya ko intanet. Abin da ake biya shi ne wasu taswirori, da rajistar taswira ta shekara-shekara irin ta Outdoor Maps+, da kuma hidimar aika saƙo ta inReach a na'urorin da sunansu ya ƙare da harafin i.

Hattara: taswirar Garmin da ka saya ta hanyar saukewa ana ɗaure ta ne da na'ura guda, in ka canza na'ura ba za ta bi ka ba. Wadda ta zo a kan kati tana tafiya da katin duk inda aka sa shi, amma ta toshe maka ramin, tunda guda ɗaya ne. Kada ka yi wa irin wannan kati fomat, kada kuma ka zuba wata taswira a kansa.

Mai sayen ta hannu ya buɗe gidan batir ya duba ko ƙarafan sun yi tsatsa ko farin gari, ya danna kowane maɓalli, ya sa kati ya ga ta karanta.

8. Sayi kati, ka gwada shi

Nemi microSDHC mai gigabait 16 ko 32, aji na 10 wajen sauri, daga kamfanin da aka sani. Katunan da suka kai 64 zuwa sama suna zuwa da tsarin exFAT wanda yawancin waɗannan na'urori ba sa karantawa. Wasu suna mayar da su FAT32 su yi aiki, amma kamfani bai lamunce ba, ni kuwa ba zan jingina hanyar dawowata gida a kan abin da ba a lamunce ba. Kati mai tsananin sauri da ake yi wa kyamara ɓarnar kuɗi ce a nan.

Araha ba ta ado, musamman a harkar kati. Akwai jabun da ke nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil lafiya lau, sai an zo karantawa a tarar rabi ya lalace. Gwada shi da H2testw a Windows, ko F3 a Linux da Mac. Manhajar tana cika katin da bayanai sannan ta sake karanta su, in ƙarya ne za ta fallasa shi. Kati na gaskiya mai 32 zai nuna 29 da ɗoriya, wannan ba matsala ba ce.

9. Zuba taswira

Kafin komai, haɗa na'urar da kwamfuta ka kwafe duk abin da ke ma'ajiyarta ta ciki ka adana. In kwamfuta ba ta gan ta ba, zargi waya tukuna, domin wasu wayoyin USB caji kawai suke yi.

A kan katin, buɗe folda ka sa mata suna Garmin. Fayil ɗin taswira mai ƙarewa da .img a cikinta yake zama kai tsaye. Sababbin na'urori suna karɓar fayiloli da yawa kowanne da sunansa, tsofaffi kuwa ba sa ganin komai sai fayil guda mai suna gmapsupp.img. Sawu da alamomi suna shiga foldar GPX a cikin Garmin, hotunan KMZ kuma foldar CustomMaps. Zai fi sauri ka sa katin a makarantin kati na kwamfuta maimakon turawa ta cikin na'urar. In an gama, sallami katin daga kwamfuta yadda ya kamata kafin ka zare.

Hattara: kada ka taɓa yi wa ma'ajiyar ciki fomat daga kwamfuta, kada ka goge fayil ɗin da ba ka san aikinsa ba don neman fili. Irin su gmapbmap.img da gmapprom.img taswirorin asali ne na na'urar.

A eTrex 22x da 32x da GPSMAP 65 gidan katin yana ƙarƙashin batura. Ɗan murfin ƙarfe ne siriri, ka tura shi gefe, ka ɗaga, ka kwantar da katin ɓangaren zinarensa yana kallon ƙasa, ka rufe, ka tura har ka ji ya kama. In bai kama ba, ranar da kake canza batir a daji katin zai goce ko ya faɗa cikin ciyawa, kuma ƙanƙantarsa ba ta wuce farce ba. Canza batir a kan tafin hannu ko kan wani ƙyalle.

10. Gwaji kafin fita

Kunna na'urar, shiga saitin taswira, za ka ga jerin duk waɗanda ta gano. Wadda ba ta fito a jerin ba, ko dai foldar ba daidai ba ce, ko sunan, ko fayil ɗin bai gama kwafuwa ba. Kunna wadda kake so, ka kashe sauran da suka rufe yanki ɗaya, domin taswirori suna hawa kan juna, ta sama ta ɓoye ta ƙasa, kuma biyu masu lissafin hanya a lokaci guda suna rikita na'ura.

Ja taswirar zuwa kusurwoyi huɗu na yankin da za ka je, ka matso da ita sosai a kowace kusurwa. Layukan tsayi ba sa bayyana sai an matso, in kuma har yanzu ba su fito ba, ƙara yawan bayanin da taswira ke nunawa a saiti. Gaya wa na'urar irin batirin da ka sa, alkalin ko NiMH ko litiyam, in ba haka ba ma'aunin caji zai yi maka ƙarya.

In za ka haɗa da taswirar takarda, kuma ya kamata ka riƙe ta tare da kamfas, duba gefenta ka ga tsarin lissafin wuri, wato datum, da aka zana ta a kai. Na'ura tana zuwa a kan WGS 84, tsofaffin taswirori da yawa kuwa a kan wani tsarin suke, bambancin yakan kai mita ɗari ko fiye. Daidaita saitin na'urar da na takardar. Daga nan fita fili, bar ta ta kama taurari sosai, ka yi tafiyar awa ɗaya a wurin da ka sani, kana kwatanta gangaren da ƙafarka ke ji da layukan da ke allo. Ka dawo ka kwafe katin gaba ɗaya a kan wani kati na biyu, ka sa shi a ƙaramar leda mai zif cikin jakar batura.